Mabuɗai Biyu na Akwatin Wi-Fi

Shekara hamsin da suka wuce, idan mutum ya sayi akwatin rediyo ba ya bukatar kowa ya koya masa aiki da shi. Zai sa batir, ya ja eriya, ya riƙa murɗa maɓallin neman tasha sannu a hankali har allura ta tsaya a kan mita 25 ko mita 31, sa'an nan muryar Landan ko ta Kolon ko ta Alƙahira ta fito daga cikin ƙugin iska. Wannan akwati sauraro kaɗai ya iya. Duk abin da aka faɗa a ɗakin da aka ajiye shi, a ɗakin yake tsayawa, kuma ba a taɓa jin wanda ya bi ta cikin rediyo ya shiga gidan wani ba.

A yau wani ɗan akwati dabam ya sami wurin zama a gidajen jama'a, daga Kumasi zuwa Jidda, daga Garwa zuwa Manchesta, yana ƙyafta 'yan fitilunsa dare da rana. Shi ne akwatin Wi-Fi. Shi ma da igiyar rediyo yake aiki, amma yana ji, yana kuma faɗa, watau ƙaramar tashar watsa labarai ce a tsakar ɗaki. Ta cikinsa gaisuwar 'yan'uwa take wucewa, da hotunan iyali, da karatun yara, da kuɗin da ake aikawa gida ƙarshen wata. Wanda ya mallaki akwatin ya zama manajan tasha ko ya sani ko bai sani ba, galibi kuwa bai sani ba. Ma'aikacin kamfani ya zo ya haɗa wayoyi, ya nuna wata kalmar sirri da ke rubuce a gindin akwatin, ya yi sallama, shi ke nan ba a sake waiwayar abin sai ran da intanet ta ɗauke.

Abin da yawancin masu gida ba su lura da shi ba shi ne akwatin nan ƙofa biyu gare shi, kowacce da mabuɗinta. Ƙofa ta farko ita ce wadda wayoyin hannu da kwamfutoci suke bi su fita zuwa intanet, mabuɗinta kuwa shi ne kalmar sirrin da baƙo yakan tambaya bayan an gama gaisawa. Ƙofa ta biyu ta ɗakin sarrafa akwatin ce kansa, inda ake yanke wanda zai shiga da wanda ba zai shiga ba, da hanyar da kowane saƙo zai bi. Kowa ya san ta farko. Ta biyu ita ce a gidaje da yawa take nan da mabuɗin da ta zo da shi daga masana'anta.

Asalin abin

Tun a 1971 wani shaihun malami a Jami'ar Hawai, Norman Abramson, shi da abokan aikinsa suka haɗa kwamfutocin da ke tsibirai dabam dabam ta hanyar igiyar rediyo, gama shimfiɗa waya a ƙarƙashin teku yana da tsada. Amma abin da ya buɗe hanya ga gidajen talakawa wata shawara ce da hukumar kula da sadarwa ta Amurka ta yanke a 1985, inda ta yarda kowa ya yi amfani da wasu zangunan igiyar rediyo ba tare da lasin ba, muddin ƙarfin na'urarsa bai wuce iyaka ba. Ɗaya daga cikin zangunan nan shi ne na gigahaz 2.4, wanda manyan tashoshi ba su damu da shi ba, domin a nan ne murhun lantarki na ɗumama abinci, wanda ake kira maikurowef, yake zubar da hayaniyarsa.

A 1997 ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta fitar da ƙa'ida ta farko mai lamba 802.11, bayan wani kwamiti a ƙarƙashin jagorancin Vic Hayes, injiniya daga ƙasar Holan, ya shafe shekaru yana aiki a kanta. Saurinta bai wuce megabit 2 a sakan ba. A 1999 aka inganta ta zuwa megabit 11, a shekarar ne kuma kamfanoni suka haɗu suka raɗa wa abin suna Wi-Fi, kamfanin Apple kuma ya fara sayar da kwamfutar tafi-da-gidanka mai iya kama shi.

Mai sauraron gajeren zango zai fi kowa saurin gane bambancin. Igiyar mita 25 tana kaɗawa kimanin sau miliyan 12 a sakan guda, tashar da take aiko ta kuma takan yi aiki da ƙarfin wat 250,000 ko fiye, shi ya sa take tsallake hamada da teku. Igiyar Wi-Fi ta gigahaz 2.4 tana kaɗawa sau miliyan 2,400 a sakan, tsawonta santimita 12 da rabi ne kacal, ƙarfinta kuwa a ƙasashen Turai doka ba ta bari ya wuce kashi ɗaya bisa goma na wat guda ba. Saboda haka ba ta nisa. Sai dai 'yar tafiyar da take yi ta isa ta ƙetare katanga ta shiga ɗakin maƙwabci, ta kuma fita bakin titi, gama igiyar rediyo ba ta san iyakar gida ba.

Ma'aikata uku a akwati ɗaya

Akwatin da kamfanin intanet yake kawowa yawanci aikin na'urori uku yake yi. Na farko shi ne tafinta, wanda ake kira modem, mai karɓar sigina daga wayar kamfani, ko daga zaren gilashi, ko daga layin SIM, ya mai da ita yaren da kwamfuta take ji. Na biyu shi ne mai raba hanya, wanda masu sayarwa suke rubuta wa Router a jikin kwali. Na uku shi ne mashigar iska, watau Access Point a Turance, wadda take da eriya, take kuma magana da wayoyin hannu ba tare da kebul ba.

Aikin mai raba hanya ya yi kama da abin da aka saba gani a zamanin wasiƙa. Makaranta guda ko ma'aikata guda takan riƙe akwatin gidan waya ɗaya tak, wasiƙun mutum ɗari su riƙa zuwa ta lamba ɗaya, masinja ya kwaso ya raba wa kowa tasa. Haka intanet take. Tsohon tsarin adireshinta lambobi wajen miliyan 4,300 kawai yake da su, ba su kuwa isa na'urorin duniya ba, har ma babban rumbun da ake rabo daga cikinsa ya ƙare a watan Fabrairu na 2011. Domin haka kamfani yakan ba gida adireshi guda, akwatin kuma ya rarraba wa na'urorin gidan lambobin cikin gida waɗanda ba a ganinsu daga waje. Tun a 1994 aka keɓe wasu jerin lambobi domin wannan aiki, mafi shahara su ne masu farawa da 192.168 da masu farawa da 10. Shi kansa akwatin yana riƙe wa kansa lamba ɗaya a cikin jerin, wannan lamba ita ce adireshin ƙofa ta biyu.

Yadda ake shiga

Ba a bukatar intanet kafin a shiga ɗakin sarrafawa, domin shafin yana zaune ne a cikin akwatin. Abin da ya fi dacewa shi ne a haɗa kwamfuta da akwatin ta kebul, a soka shi a ɗaya daga cikin ramukan baya da aka rubuta wa LAN. Dalili kuwa, da zarar an sauya suna ko kalmar sirri ta Wi-Fi, duk na'urar da ke haɗe ta iska za ta yanke, mai gyara ya tsinci kansa a waje aiki bai ƙare ba. Wanda ba shi da kwamfuta yana iya yi da wayar hannu, sai dai ya san zai sake haɗawa da sabuwar kalma.

Daga nan sai a buɗe manhajar duba shafukan intanet, irin su Chrome ko Firefox ko Safari, a rubuta lambar akwatin a layin adireshi na can sama. Mafi yawan akwatuna suna amsawa a 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Ƙananan akwatunan Huawei masu aiki da layin SIM sukan yi amfani da 192.168.8.1, na kamfanin BT a Ingila 192.168.1.254, FRITZ!Box na Jamus 192.168.178.1, na Xfinity a Amurka kuma 10.0.0.1. Galibi lambar tana rubuce a takardar da aka manna a gindin akwatin ko a bayansa. Idan takardar ta goge, na'urar da ke haɗe da akwatin ta san lambar. A kwamfuta mai Windows ana buɗe tagar ba da umurni a rubuta ipconfig, a duba layin da aka rubuta Default Gateway. A wayar hannu kuma ana taɓa sunan Wi-Fi ɗin a cikin saituna, a nemi inda aka rubuta Router ko Gateway.

Idan shafin ya ƙi buɗewa, dalilan ba su da yawa. Ko dai wayar ta koma kan datar layinta ta bar Wi-Fi, ko an rubuta lambar a gurbin bincike maimakon layin adireshi, ko akwai manhajar VPN a kunne, ko kuma an haɗa ta sashen baƙi wanda aka hana shi ganin ɗakin sarrafawa. Wani lokaci manhajar takan yi gargaɗin cewa shafin ba shi da takardar shaida. Muddin lambar da aka rubuta ta akwatin gida ce, wannan gargaɗi abu ne da aka saba gani, ana iya wucewa. Wasu sababbin akwatuna kuwa ta manhajar waya da kamfaninsu ya tanada ake sarrafa su, amma abubuwan da za a gyara duk ɗaya ne.

Mabuɗin mai gida

Shafin farko zai nemi suna da kalmar sirri. A nan ne mutane da dama suke rikicewa, su rubuta kalmar Wi-Fi, shafin ya ƙi karɓa. Abin da yake nema shi ne mabuɗin ƙofa ta biyu. Shekara da shekaru masu ƙera akwatunan nan suna fitar da dubban ɗaruruwansu da mabuɗi iri ɗaya, suna admin, kalmar sirri admin, ko password, ko 1234. Ba asiri ba ne, yana cikin littafin bayanin kowane akwati, akwai ma shafukan intanet da suka tara su kamfani kamfani.

A yi la'akari da gidan haya mai ɗakuna goma, inda aka ba maƙwabci ɗaya kalmar Wi-Fi saboda zumunci, shi kuma ya ba ƙanensa, ƙanen ya ba abokinsa. Duk wanda kalmar ta kai gare shi ya riga ya tsaya a bakin ƙofa ta biyu, abin da ya rage masa shi ne ya rubuta lambar akwatin ya gwada admin. In ta buɗe, yana iya korar mai akwatin daga kayansa, yana iya buɗe wa na waje hanya, yana kuma iya yin abin da ya fi waɗannan muni ba tare da an gani ba. Duk sa'ad da aka rubuta sunan wani shafi, na'ura takan tambayi wani kundin adireshi da ake kira DNS ta ce ina wannan suna yake, akwatin gida ne kuma yake nuna mata kundin da za ta tambaya. Wanda ya sauya wannan layi guda yana iya sa mai gida ya rubuta sunan bankinsa daidai, harafi bai ɓace ba, amma a kai shi wani shafin jabu da aka gina domin kwashe lambobinsa.

Ba lalle sai ɓarawon yana kusa ba. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bazu a duniya. Dabararta ba ta da wani zurfi: tana yawo a intanet tana ƙwanƙwasa ƙofar kyamarorin tsaro da akwatunan gida, tana gwada sunaye da kalmomin masana'anta kimanin 60. Da wannan kaɗai ta mallake na'urori dubu ɗaruruwa, masu su ba su sani ba. Ranar 21 ga Oktoba na shekarar aka tura rundunar na'urorin nan suka yi wa kamfanin Dyn na Amurka ruwan saƙonni, sai manyan shafuka irin su Twitter da Netflix da Reddit suka gagari miliyoyin mutane na tsawon sa'o'i. Bayan wata guda wani reshen Mirai, wanda ya bi ta ƙofar da kamfani yake gyara akwatuna daga nesa, ya katse intanet ga masu hulɗa da Deutsche Telekom wajen 900,000 a Jamus. Da aka bi sawu, waɗanda suka rubuta Mirai tun farko samari uku ne Amurkawa, sun kuma amsa laifinsu a gaban kotu a Disamban 2017.

Hukumomi sun farga daga baya. Jihar Kalifoniya ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri ta bai ɗaya tun daga Janairun 2020, Birtaniya kuma ta fara aiki da tata dokar ranar 29 ga Afrilun 2024. Sababbin akwatuna da yawa yanzu kowanne da kalmarsa yake zuwa, ko kuma ya tilasta wa mai shi ya zaɓi sabuwa ranar farko. Amma doka ba ta bin tsofaffin akwatuna gida gida, kuma da yawa daga cikinsu suna nan suna aiki, wasu ma an sayar da su hannu na biyu sun ƙetare teku. Saboda haka aikin farko bayan shiga shi ne a nemi sashen da aka rubuta wa Administration ko System, a sauya kalmar sirrin sarrafawa, a kuma tabbata ta bambanta da ta Wi-Fi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Suna da kwaɗo

Bayan wannan sai a koma ƙofa ta farko, a sashen da aka rubuta wa Wireless ko Wi-Fi. Abu na farko a nan shi ne sunan tashar, wanda ake kira SSID, mai ɗaukar haruffa har 32. Akwatin yana shelar wannan suna wajen sau goma a kowane sakan, kamar yadda gidan rediyo yake maimaita takensa. Tun da kowa yana gani, bai kamata a sa sunan iyali ko lambar ɗaki ba, haka kuma ya kyautu a cire sunan masana'anta, domin yana gaya wa mai mugun nufi irin akwatin da zai tunkara. Akwai wurin ɓoye sunan gaba ɗaya, amma wannan ba tsaro ba ne, gama na'urorin gidan sukan ambaci sunan a iska duk sa'ad da suke neman haɗuwa, mai kayan sauraro kuma zai tsince shi.

Tsaro na gaskiya yana ga irin kwaɗon da aka zaɓa, watau hanyar da ake rikita saƙo kafin a sake shi a iska. Tashar da aka bari a buɗe, duk mai wucewa yana iya naɗar abin da ke fita daga cikinta. A 2010 kamfanin Google ya amsa cewa motocinsa masu ɗaukar hotunan tituna sun kwashi gutsattsarin saƙonni daga gidajen da ba su kulle Wi-Fi ɗinsu ba, a ƙasashe da dama. Kwaɗo na farko da aka ƙera, mai suna WEP, bai daɗe ba. A 2001 masana uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka nuna rauninsa, a 2007 kuma masu bincike a Darmstadt ta Jamus suka nuna ana iya ɓalle shi cikin ƙasa da minti guda. An maye gurbinsa da WPA a 2003, da WPA2 a 2004, sa'an nan WPA3 a 2018. Mai gida zai ga waɗannan sunaye a jere. Ya zaɓi WPA3 idan na'urorinsa duka suna jinsa, in ba haka ba ya zaɓi gamin WPA2 da WPA3, ko WPA2 tare da AES. Akwatin da ba shi da komai sai WEP ya gama aikinsa.

Tsawon kalmar sirri yana da dalili. A ƙarƙashin WPA2, mai leƙen asiri yana iya naɗar 'yar musayar da waya take yi da akwati lokacin haɗuwa, ya tafi da ita gida, ya sa kwamfuta ta yi ta gwada miliyoyin kalmomi a kanta, akwatin bai ma san ana yi ba. Lambar waya, ko sunan ɗa da shekarar haihuwarsa, ba sa jimre wa irin wannan gwaji. WPA3 ya toshe wannan hanya, amma har yanzu gidaje masu yawa a kan WPA2 suke. Ƙa'ida ta yarda da haruffa daga 8 zuwa 63. Kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, a haɗa su da 'yan lambobi, sun fi gajeriyar kalma mai wuyar tunawa ƙarfi, kuma kalmomin Hausa sun isa wannan aiki sarai. Sai dai a guji haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, domin ƙa'idar a kan haruffan Turanci aka gina ta, talabijin ko na'urar buga takardu kuma tana iya rasa inda za a rubuta su.

Akwai wata ƙaramar taga da ya kamata a rufe, sunanta WPS. An ƙirƙiro ta ne don sauƙaƙa haɗa na'ura da lamba mai alƙaluma 8 maimakon doguwar kalma. A lissafi, alƙaluma 8 suna ba da zaɓi miliyan 100. Amma a Disamban 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa akwatin yana duba rabin farko na lambar dabam, ya faɗi ko an dace, sa'an nan ya duba rabi na biyu, alhali alƙalami na ƙarshe ana iya lissafo shi daga sauran. Sai ya zama gwaji 10,000 ne a rabin farko, 1,000 a na biyu, jimla 11,000, aikin 'yan sa'o'i ga kwamfuta. Masana'antu sun rage haɗarin a sababbin akwatuna, duk da haka kashe WPS ba ya rage wa gida komai.

Zango da wurin ajiya

Ƙorafin da aka fi yi game da Wi-Fi shi ne rashin sauri, sau da yawa kuma laifin ba na kamfani ba ne. Zangon gigahaz 2.4 an raba shi tashoshi 13 a yawancin ƙasashe, 11 a Amurka da Kanada. Tazarar da ke tsakanin tasha da tasha megahaz 5 ce, alhali siginar tana cin faɗin megahaz 20, saboda haka suna hawa kan juna, kamar yadda tashoshi biyu suke cakuɗewa a gajeren zango da daddare. Uku ne kaɗai ba sa taɓa juna, watau 1 da 6 da 11. A dogon bene mai gidaje talatin, kowa da akwatinsa, dukansu a cikin wannan ɗan fili suke cunkushe. Akwatin yakan zaɓi tasha da kansa, amma idan ana fama da yankewa, gwada ɗaya daga cikin ukun nan yakan kawo sauƙi.

Zangon gigahaz 5 yana da tashoshi da yawa, ya fi sauri, cunkoso kuma bai kai na farko ba, sai dai igiyarsa ta fi gajarta, wajen santimita 6, bango kuma ya fi cin ƙarfinta. Na kusa da akwati ya hau 5, na ɗakin ƙurya ya tsaya a 2.4. Akwai kuma zangon gigahaz 6, wanda Amurka ta buɗe a 2020, wasu ƙasashe suka bi baya. Tun da dokokin ƙasashe sun bambanta, wanda ya zo da akwati daga wata ƙasa ya duba ko akwai wurin zaɓen ƙasa a cikin saituna, ya sa inda yake zaune.

Wurin ajiya ya fi kowane saiti tasiri. Bangon kankare mai rodi a ciki, da ƙofar ƙarfe, da firji, da tankin ruwa, da katangar ƙasa mai kauri, duk suna shanye sigina. Akwatin da aka tura bayan talabijin ko cikin kabad saboda kada ya ɓata ado, rabin muryarsa a nan take mutuwa. A ɗora shi a sama, a fili, kusa da tsakiyar gida, nesa da murhun maikurowef.

Idan akwati ɗaya bai isa ba

A babban gida, ko mai hawa biyu, akan bukaci mashigar iska ta biyu. Tsohon akwatin da aka ajiye yana iya yin aikin, muddin an hana shi zama mai raba hanya, domin masinja biyu a kan akwatin gidan waya ɗaya rikici ne. Yawancin sababbi suna da zaɓin Access Point Mode, da an taɓa shi an gama. Ga wanda ba shi da shi, sai a haɗa shi da kwamfuta shi kaɗai tukuna, a shiga shafinsa, a ba shi lambar da ke cikin jerin babban akwati amma ba ta kowa ba, alal misali 192.168.1.2 idan babban yana 192.168.1.1, a tabbata kuma babban ba zai ba wata na'ura wannan lamba ba. Sa'an nan a kashe sashen DHCP, wanda shi ne mai rarraba lambobi, a ja kebul daga ramin LAN na babba zuwa ramin LAN na ƙarami, a bar ramin da aka rubuta wa WAN babu komai. Idan aka ba su suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, amma tasha dabam dabam, waya za ta iya sauka daga wannan ta hau wancan ba tare da an sake rubuta komai ba. Wannan akwati na biyu shi ma yana da nasa ɗakin sarrafawa, nasa mabuɗin ma sai an sauya.

Kulawa ta yau da gobe

Akwatin Wi-Fi kwamfuta ce ƙarama, manhajar da ke tafiyar da shi kuma ana gano mata kurakurai lokaci lokaci. A 2017 Mathy Vanhoef na Jami'ar Leuven a Beljiyam ya gano wani rauni a cikin WPA2 kansa, maganin kuwa ta hanyar sabunta manhajar na'urori aka rarraba shi. A Mayun 2018 hukumar FBI ta Amurka ta roƙi jama'a su kashe akwatunansu su sake kunnawa, bayan an gano wata manhajar leƙen asiri mai suna VPNFilter a cikin na'urori aƙalla 500,000 a ƙasashe 54. Akwatunan da kamfanonin intanet suke bayarwa galibi su suke sabunta su daga nesa. Wanda mutum ya saya da kansa kuwa, sai ya duba sashen Firmware, ya kunna sabuntawa ta kai tsaye idan akwai. Kada a yi wannan aiki a lokacin da ake tsoron ɗaukewar wuta, domin yankewa a tsakiya tana iya kashe akwatin. Idan masana'anta ta daina fitar wa wani akwati gyara, lokacin sauya shi ya yi ko da fitilunsa suna ci.

Sauran abubuwa biyu. Zaɓin Remote Management yana buɗe ɗakin sarrafawa ga duk duniya, gidan da ba shi da bukatarsa ya kashe shi. Zaɓin Guest Network kuma shi ne zauren baƙi: tasha ta biyu mai nata suna da kalmar sirri, wadda take kai baƙo intanet amma ba ta barinsa ya leƙa kwamfutoci da kyamarorin gida ko shafin akwatin. Da ita ake sauke haƙƙin maƙwabtaka ba tare da an miƙa mabuɗin ɗaka ba, ana kuma iya sauya kalmarta duk lokacin da ta yi yawo da yawa, na'urorin iyali ba su ji a jikinsu ba. Shafin akwatin yana kuma nuna jerin na'urorin da ke haɗe a kowane lokaci. Gida mai waya shida da ya ga goma sha biyar a jerin ya san kalmarsa ta fita.

Wanda ya manta mabuɗin sarrafawa bai yi asarar akwatinsa ba. A bayansa akwai wani ɗan rami da aka rubuta wa Reset. Idan aka danna shi da tsinke na wajen sakan goma akwatin yana kunne, komai zai koma yadda ya fito daga masana'anta, har da tsohuwar kalmar sirri. Sai dai a wasu layukan hakan yana share bayanan haɗuwa da kamfani, saboda haka ya kyautu a tanadi waɗannan bayanai kafin a danna.

Duk aikin nan bai fi na sa'a guda ba, ba ya kuma bukatar digiri ko kuɗin mai gyara. Idan an gama, a rubuta lambar akwatin da kalmomin biyu a takarda. Ta baƙi ana iya manna ta a bangon falo. Ta sarrafawa kuwa a ajiye ta inda ake ajiye fasfo da takardun gida, a kuma nuna wa wani babba guda a cikin iyali inda take, domin ran da mai gida ya yi tafiya.